Wasiƙa Zuwa ga Aminu: Zuciya Ma Mai Ƙara Ce, Sai Ta Kawo Shaida

Sakkwato, daren Laraba.

Zuwa ga ɗana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ɗakinsa bai fi taku ashirin da naka ba. Dalili shi ne ni da kai ba mu saba doguwar magana ido da ido ba. Idan na kira ka zaure sai ka durƙusa ka sunkuyar da kai, duk abin da na faɗa ka ce "to, Baba", ka tashi ban san wanda ya shiga ba, ban san wanda ya zube ba. Takarda kuwa tana da haƙuri, za ka iya ajiye ta idan ta ɓata maka rai, ka sake ɗauka idan ka huce.

Innarka ta gaya mini maganar da ka yi mata ranar Lahadi da ta kai maka tuwo, cewa kai dai duk abin da ka sa hannu ba ya albarka, kuma kowa ya riga ya gane haka. Ba ta faɗa mini don ta kai ƙararka ba, kwana ta yi ba barci. Ni ma ina da ido. Na ga tun da shagon cajin waya da kuka buɗe a Mabera ya rufe, bayan neman aiki uku da ba a kira ka ba, ka mayar da dare rana, rana dare. Na ga hasken wayarka ta ƙarƙashin ƙofa lokacin da nake fita sallar asuba. Na kuma lura ba ka je ɗaurin auren abokinka ba, alhali tare kuka yi makarantar allo. Ban raina abin da ya same ka ba. Saurayin da ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana karɓar kuɗin mai a hannun uwarsa, yana da abin da zai dame shi. Abin da nake so mu duba shi ne hukuncin da ka yanke wa kanka a kan wannan, domin ni a ganina an yanke shi ba a saurari shaida ba.

Ka san shekara 31 na yi ina magatakarda a kotun shari'a kafin in ajiye aiki. Akwai wata ƙara da har yau nake tunawa, ko da yake ba ta da wani girma. Wani manomi daga fadama ya zo yana huci, ya ce awakin maƙwabcinsa kullum suna cinye masa albasa, kuma da gangan yake sako su don ya ga bayansa. Alƙalin da nake aiki a ƙarƙashinsa a lokacin, dattijo ne mai sanyin murya, ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kullum? To, Malam magatakarda, ɗauki alƙalami. Faɗa mana ranakun." Mutumin ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Ya ambaci wata Talata, ya ambaci jajibirin Sallah, daga nan ya tsaya. Sau biyu ke nan a shekara guda. Da aka zo kan "da gangan", aka tambaye shi wa ya ga an kwance su, ko wa ya ji mai awakin ya furta haka, sai ya ce ai shi zuciyarsa ce ta ba shi. Alƙali ya sa aka ƙiyasta ɓarnar da aka yi sau biyun aka biya shi, domin ta tabbata, ya kori sauran da'awar domin ba ta da ƙafa. Mutumin ya fita da kuɗinsa, kuma abin mamaki, ya fita fuskarsa ta fi sauƙi, kamar an sauke masa kaya. Ya shigo da maƙiyi na kullum, ya koma da maƙwabci mai sakaci da igiya.

Ƙa'idar da aka yi aiki da ita a ranar ka san ta tun kana karanta Arba'una Hadisi: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne zuciyar mutum ma mai da'awa ce, kuma ita ce mai ƙarar da ba a taɓa neman shaida a wurinta. Tana cewa "ba ka da sa'a", sai mu rubuta. Tana cewa "sun raina ka", sai mu buga hatimi. Ita ce mai ƙara, ita ce shaida, ita ce alƙali, kai kuma wanda ake ƙara ko i'izari ba a yi maka ba, ba a tambaye ka ko kana da sauran magana ba. Da a kotu aka yi haka, da ɗaukaka ƙara ɗaya ta rushe hukuncin.

Saboda haka ka kula da kalmomin da take shigowa da su. "Kullum", "ko sau ɗaya", "kowa", "ba wanda", "duk abin da": idan ka ji ɗaya daga cikinsu, ka yi mata tambayar dattijon nan, ka ce faɗa mini ranakun. Ka ce duk abin da ka sa hannu ba ya albarka. To, wa ya koyar da ƙannenka biyu lissafi har suka ci jarrabawar fita sakandare? Wa ya haɗa mana wutar sola da muke sha da ita ruwan sanyi a zafin Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40? Shago ɗaya ya faɗi, kuma mun san dalilansa: kuɗin haya, tsadar mai, da wasu shaguna uku irinsa a layi guda. Waɗannan dalilai ne da ake iya rubutawa a gyara. "Ba ni da albarka" kuwa ba a iya gyara shi, shi ya sa yake da daɗin riƙewa ga wanda ya gaji, domin ba ya neman a yi komai.

Wanda ya fi wannan cin mutum shi ne karanta zuciyar mutane daga nesa. A nan ba zan yi maka wa'azi daga sama ba, don ni ma na faɗa ramin. Kafin a haife ka, an yi ƙarin girma a wurin aikinmu aka tsallake ni. A makon ne na gai da wani babba a cikinmu sau biyu a baranda bai amsa ba. Na haɗa biyu da biyu na ce shi ne ya soke sunana, kuma ga shi ko gaisuwata ba ya so. Kusan shekara biyu ina kauce masa, idan ya bi ta ƙofar gabas in bi ta yamma, ina dawowa gida ina sauke fushin a kan innarka da ba ta san hawa ba balle sauka. Ranar da ciwo ya kwantar da shi aka ja ni dubiya ba da son raina ba, a nan na ji cewa kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, sai an zagayo ta dama yake ji. Ya riƙe hannuna ya ce ya yi zaton shi ya yi mini laifi da na daina zuwa ofishinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Ka duba yadda abin ya gudana: zato ya sa na guje shi, gudun ya hana ni jin gaskiya, rashin jin gaskiya ya ƙara wa zaton ƙarfi. Allah Ya ce a Suratul Hujurati mu nisanci da yawa daga zato, Annabi (SAW) kuma ya kira zato mafi ƙaryar zance. Da ina ɗauka hanin don kare wanda ake zargi ne kawai. Yanzu na san har da kare mai zargin, don shi ne ke kwana da wutar.

Abokinka bai amsa saƙonka na kwana uku ba, sai ka ce ya samu aiki ya fi ƙarfinka. Mutumin da ke tsakiyar hidimar lefe da kama gida, kwana uku me ne ne a wurinsa? Wataƙila ka yi daidai, mutane suna canzawa, ban hana ba. Amma ba ka ji ta bakinsa ba, kuma an hori Sayyidina Aliyu, da aka tura shi Yaman, kada ya yi hukunci sai ya saurari ɓangare na biyu.

Kada ka ɗauka wannan hikimar tsofaffin kotu ce kawai. Wani likita maƙwabcinmu, da muke hira bayan isha'i, ya gaya mini cewa a wajen shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, na Jami'ar Pennsylvania, ya lura masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, cikin ƙiftawar ido, masu muni game da kansu, da duniya, da abin da zai zo gobe, kuma suna karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Sai ya riƙa sa su rubuta tunanin, su auna shi da hujja, su gwada shi a aikace. Hanyar ta zama magani da ake amfani da shi a asibitoci a duniya har yau. Na ce masa ai mu ma muna da namu, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa ya kamata mutum ya tanadi lafiyayyun tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon ba-zata. Shekara dubu ce tsakanin mutanen biyu, kuma ba su zauna a zaure ɗaya ba.

Ga abin da nake so ka yi. Na ajiye maka ɗaya daga cikin sababbin littattafan rajista da suka rage mini, mai baƙin bango. Duk lokacin da ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ka rubuta kwanan wata, ka rubuta abin da ya faru tsurarsa kamar yadda wani baƙo zai gani, misali "na aika saƙo, ba a amsa ba". A gefe ka rubuta da'awar zuciya da kalmominta, kada ka gyara mata. Sannan shaidun da ke goyon bayanta, sannan waɗanda ke ƙaryata ta, kuma a nan ka tambayi kanka abin da za ka gaya wa ƙanenka da shi ne ya zo maka da wannan magana, domin mun fi yi wa wasu adalci a kan kanmu. Daga ƙarshe ka rubuta hukunci gwargwadon abin da ya tabbata. Wani lokaci zuciyar za ta ci shari'ar, kamar yadda manomin nan ya ci ta sau biyun. Aiki ya yi wuya a ƙasar nan, kuma akwai wuraren da sai da uwa a gindin murhu. Ban ce ka yaudari kanka da daɗin baki ba. Ka biya da'awa abin da ta tabbatar, kada ka ƙara mata ko anini. Kuma kada ka zauna shari'ar nan da ƙarfe biyun dare, ko cikin fushi, ko da yunwa. An hana alƙali hukunci yana cikin fushi. Ka ɗage zaman zuwa bayan karin kumallo.

Akwai kuma "da na sani" da "da ban yi ba", waɗanda na tabbata su ke hana ka barci. Hadisi ya zo a Muslim cewa "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Banbancin nazari da saƙe-saƙe shi ne nazari yana ƙarewa da wani abu da za ka yi gobe da safe. Idan ka juya magana sau uku ba ta haifi aiki ba, rufe fayil ɗin.

Rubutu kaɗai ba zai isa ba, tunda ɗabi'a ma tana ciyar da tunani. Ranar da ka ƙi zuwa ɗaurin auren nan ka ji sauƙi na awa biyu, shi ne ladan da gudu ke biya, kuma shi ne ke sa gobe ka sake gudu, har ɗaki ya zama duniyarka. Kana jira sai ka ji ƙarfin zuciya sannan ka fita, alhali sau da yawa fitar ce ke gaba, ƙarfin zuciyar ya biyo ta. Kada ka ɗauko babban shiri da zai karye a kwana uku. Ka fito asuba cikin jam'i, ka bar wayar a zaure da dare, ka je gidan angon ka yi masa Allah sanya alheri ko da minti goma ne. Kafin ka tafi ka rubuta abin da kake tsammanin zai faru, idan ka dawo ka rubuta abin da ya faru, ka gwama su. Za ka koma tsohon hali wata rana, kowa yana komawa. Idan hakan ta faru, rana ɗaya ce ta ɓaci, kada zuciya ta shigo da ƙarar cewa komai ya rushe. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau.

Magana ta ƙarshe tana da nauyi a bakina, amma dole in faɗa. Idan wannan hali ya wuce mako biyu ba sassauci, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, abin da kake so a da ya daina yi maka daɗi, ko kuma zuciya ta fara raya maka cewa rayuwar ba ta da amfani, to abin ya wuce littafin rajista, kuma ina so ka gaya mini ko innarka a ranar, ba washegari ba. Al-Balkhi da kansa ya raba baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda tushensa a jiki yake, ya ce na biyun yana bukatar magani. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Na san yadda yaran gari ke tsokanar juna da sunan Kware. Ni da nake shan maganin hawan jini kowace safiya ban ga abin da ya raba ni da mai zuwa can ba, kuma addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba. Idan ta kama, ni zan raka ka da ƙafata.

Littafin yana kan tagar ɗakinka tare da biro biyu. Ba zan buɗe shi ba, kuma na gaya wa ƙannenka kada su taɓa. Ranar Asabar bayan asuba zan je Kwalkwalawa duba shinkafa, gwiwata kuma ba ta son tuƙin babur yanzu, don haka ka kwana da shiri. Injin ban ruwan ma yana ta tari tun makon jiya, ka zo da kayan aikinka.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.