Baffanka zai ajiye aiki ya tsaya takara

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya uwargida da yara, ya kuma sanyin Ingila? An ce har yanzu da safa kake kwana. Na ga saƙonka kan maganar filin nan, zan zo kanta, amma akwai wadda ta fi ta zafi, kuma gara ka ji daga wajena kafin Hajiya ta kira ka tana faɗa. Baffanka zai ajiye aiki ya nemi kujerar majalisar jiha. Eh, Baffa dai, mutumin da ko a wajen ɗaurin aure aka ce ya yi magana sai ya nemi takarda. Har fosta an buga, ya kafa zanna bukar yana wani murmushi da ko matansa ba su san shi da shi ba.

Hujjarsa ɗaya ce: ya shekara talatin yana aikin ruwa, da wuya ka samu ƙauye a ƙaramar hukumarmu da bai tsaya an haƙa masa burtsatse ba, kuma wai ai Abba Gida-Gida, wato Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano, ma daga aikin ruwa ya fito. To a nan nake so ka shigo, don maganarka yake ji, mu kuwa har gobe yara yake ganinmu. Tarihin da yake kafa hujja da shi, rabinsa kawai ya karanta.

Gaskiya ne Abba Kabir Yusuf injiniya ne, haifaffen 1963, ya kuma yi aiki a WRECA, hukumar aikin ruwa ta Kano da shi kansa Kwankwaso ya daɗe a cikinta kafin ya shiga siyasa. Amma tun 1999 ya bar teburin injiniya ya koma jikin Gwamna Kwankwaso, har sunan Abba PA ya bi shi. Da Kwankwaso ya faɗi zaɓe a 2003 aka ba shi ministan tsaro, tare suka tafi Abuja. Da aka dawo a 2011 ya riƙe kwamishinan ayyuka, gidaje da sufuri har 2015, zamanin gadar Ƙofar Nasarawa da rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da titunan kilomita biyar-biyar na ƙananan hukumomi. Duk da haka sai 2019 ya tsaya wa jam'iyya takarar gwamna. Shekara ashirin ke nan yana cikin gidan siyasar da ke da mutane a mazaɓu 484 na jihar. Aikin ruwa ya ba shi sana'a, tikiti kuwa gidan ne ya ba shi. Baffa wane gida yake da shi? Shugaban jam'iyya na mazaɓarmu ma bai san inda ƙofar gidansa take ba.

Kuma ka tuna masa masu shan ruwan burtsatse ba su suke fidda ɗan takara ba. A 2022 deliget ne suka yi, biyar daga kowace mazaɓa a APC, uku a PDP. Ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma, mutum hamsin ko talatin ke nan za su yanke masa hukunci a wuni ɗaya, kuma kowannensu akwai wanda ya rubuta sunansa. Fom ɗin APC na majalisar jiha a lokacin Naira miliyan 2 ne, shi ne ma mafi sauƙin abin da za a kashe. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa mai neman wannan kujera miliyan 30. Da aka faɗi haka a majalisarmu ta ƙofar gida sai da mai shayi ya ajiye butarsa don dariya.

Af, tunda na ambaci majalisa: abokin nan naka na majalisarmu ya ƙara aure. Ta ukun. Wanda ya rantse mana da Alƙur'ani a gabanka cewa ya rufe ƙofa. Yanzu ko zama ba ya yi, da an sallame isha'i sai ya ce yana da uzuri. An bar maka naka goron a firij ɗin Hajiya, in ka dawo ka ci ko ya bushe.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu, don nan ne ma'aikatan gwamnati suka fi zamewa, su da suke ganin sun fi kowa sanin fayil. Sashe na 107 na tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki ko ya yi ritaya kwana 30 kafin ranar zaɓe. Rubuta takardar kawai bai wadatar ba. Ya tabbata an buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, ya riƙe kwafinsa, kuma ya bi sawu a tsayar da albashi. In albashi ya ci gaba da shiga asusunsa bayan ranar da ya ce ya tafi, lauyan abokin hamayya takardar banki kawai zai ɗauko. Sai fom ɗin EC9 na bayanan ɗan takara da ake rantsuwa a kansa: suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a shaidar firamare, ta sakandare da takardar haihuwa. Ka san 'yan zamaninsu, kowa da shekarar da hedimasta ya ga dama ya rubuta masa. In akwai saɓani, yanzu ne lokacin gyara shi a kotu, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai kuma rajistar jam'iyya, wadda dokar 2022 ta ce a miƙa wa INEC kwana 30 kafin fidda gwani. Katin jam'iyya a aljihu daban, suna a cikin littafin da aka miƙa daban.

Kar ya ce wannan ƙananan abubuwa ne. Shi Abban da yake misali da shi, a 2019 bayan inkonkulusib da zaɓen da aka sake a mazaɓar Gama, da ƙuri'a ƙasa da 9,000 Ganduje ya wuce shi. A 18 ga Maris 2023 ya samu 1,019,602, Gawuna na APC 890,705, tazarar kusan 129,000. Amma a 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare masa ƙuri'a 165,663 saboda takardun ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata. Ka ga abin da malamin zaɓe zai yi cikin daƙiƙa biyu a bayan takarda, in ejan yana tsaye yana kallo, shi ya nemi cinye kujerar gwamna. A 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara da cewa sunansa ba ya cikin rajistar NNPP, jam'iyyar da ta tsayar da shi. Sai 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da ƙuri'unsa, ta kuma ce batun zama ɗan jam'iyya na cikin gida ne.

To ga inda Baffa bai duba ba. Shari'ar gwamna ce take kaiwa Kotun Ƙoli, ta ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take mutuwa. A Filato, ranar da aka mayar da Abba aka mayar da Gwamna Mutfwang, amma 'yan majalisar jihar 16 na PDP da aka cire kan rikicin shugabancin jam'iyya ba su da inda za su ɗaukaka. Saboda haka kuɗin da zai zuba a fosta da kiɗa, ya rage ya ajiye wa ejan-ejan masu karatu, ɗaya a kowace akwati, da abincinsu da katin waya, wanda ba zai gusa ba sai ya karɓi kwafin EC8A, takardar sakamakon akwatin, mai sa hannu. Ƙorafin fidda gwani kwana 14 gare shi, na zaɓe kwana 21, in ya wuce ko da gaskiyarka ka yi asara.

Ni ban ce kar ya tsaya ba. Wallahi majalisa mai kujeru 40 tana buƙatar ko mutum ɗaya da zai kalli kasafin ruwa ya gane kuɗin bututu daga kuɗin cefane. Amma saura masa shekara biyar ya cika 35 ɗinsa ya fita da haƙƙoƙinsa cikakku, kuma akwai 'yan mata biyu da aka sa wa rana bayan Sallah. Ya fara zuwa ya ga lissafin fanshonsa a rubuce kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Ka kira shi ranar Juma'a bayan la'asar ɗinmu, lokacin 'yan kwamitin nasa ba su taru ba, don in suna wajen ba zai ji komai ba sai "sai ka yi". Kar ka ce ni na faɗa maka, ka ce a Facebook ka ga fostar. Yaron wajena ya ce in tuna maka takalmin ƙwallonsa, lamba 39 ce yanzu, ƙafar ta ƙaru. Kowa yana gaishe ka, har da angon.

Naka,
abokin cin ƙosanka