Rigimar Darwin ta kotunan Amurka ce, kada ta hana yaranmu darasi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani darasi da mu malaman Bayoloji muke tsallakewa a aji shida na sakandare, wato ka'idar juyin halitta ta masanin Ingila Charles Darwin, wadda ta ce halittu suna sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya. Yana cikin manhaja, kuma WAEC da NECO ba sa tambayar ra'ayinmu kafin su sa shi a jarrabawa. Amma malamai da yawa da na sani a nan Sakkwato, da an iso babin sai su ce "ku karanta a gida". In ka matsa, sai a ce maka ai ko a Amurka hana shi aka yi, har kotu aka je.

An je kotu, gaskiya ne, sai dai labarin ya iso mana a juye. A 1925 jihar Tenesi ta kafa doka ta haramta wa malaman makarantun gwamnati koyar da cewa mutum ya samo asali daga dabba. Aka gurfanar da wani matashin malami, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Bayan shekara biyu babbar kotun jihar ta soke tarar saboda kuskuren da alƙali ya yi wajen yanke ta, amma dokar ta zauna har 1967. Daga nan iska ta sauya. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe irin wannan doka ta jihar Akansas, a ƙarar da wata malamar Bayoloji, Susan Epperson, ta shigar. A 1987 ta rushe ta Luwiziyana, wadda ta ce duk inda aka koyar da juyin halitta dole a haɗa da labarin halitta irin na Baibul. A 2005 kuma, a garin Dover, alƙali John Jones ya hana hukumar makarantu tilasta a karanta wa ɗalibai wata sanarwa da ke nuna musu cewa akwai mai tsara halittu. Shugaba Bush ne ma ya naɗa alƙalin, ba wani maƙiyin coci ba.

Me ya sa masu addini suka yi ta shan kaye? Tsarin mulkinsu ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini, don haka makarantar gwamnati ba ta koya wa yaro aƙida. Iyayen da suke son 'ya'yansu su ji labarin Annabi Adamu a makaranta ba su da ƙofa sai ta ajin kimiyya, kotu kuwa ta rufe ta. Mu ina ruwanmu da wannan ƙunci? Yaron da nake koya wa Bayoloji da safe yana da darasin Addinin Musulunci a jadawalin makarantar nan, da la'asar yana Islamiyya, wani ma ya yi sauka tun kafin ya shigo sakandare. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya kare masa addininsa a makaranta.

Wani uba ya taɓa samuna a ƙofar aji, ko sauka daga babur bai yi ba, ya ce, "Malam, kai ne kake gaya wa ɗana kakansa biri ne?" Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, sauko mu duba littafinsa." Muka buɗe. A shafin akwai zazzaɓin cizon sauro da kulorokwin: yadda maganin ya kashe ƙwayoyin cutar marasa ƙarfi, masu jurewa suka rage suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Akwai kuma sikila, da dalilin da ya sa jinin AS ya yawaita a ƙasashen sauro, tunda mai shi ya fi jure wa zazzaɓin mai tsanani. Ashe Alhajin ya binne 'ya mai sikila. Ya daɗe a kan shafin.

Ban ɓoye masa sauran ba. Ka'idar ta ce mutum da biri asalinsu ɗaya, kuma a kan haka masana Bayoloji na duniya suke. Ni na yi imani Allah ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu, haka nake gaya wa ɗalibaina ƙarara. Takardar jarrabawa tana tambayar abin da Darwin da Lamarck, masanin Faransa da ya riga shi kawo tasa ka'idar, suka faɗa ne, ba ta tambayi kowa aƙidarsa ba. Yaron da zai karanta likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai ci karo da maganar ko muna so ko ba ma so, kuma gara ya fara jin ta daga bakin malamin da suke sahu ɗaya a masallaci da ya tsince ta a TikTok.

Roƙona ga masu kula da ilimi a jiha, a zaunar da malaman Bayoloji da na Addini wuri ɗaya kafin a fara zangon karatu, a fitar da rubutacciyar jagora kan yadda za a koyar da babin, a raba wa shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye. Malamin da ke da takarda a hannu ba zai ji tsoron uban da ya zo a fusace ba.

Naka,
Wani malamin Bayoloji,
Runjin Sambo, Sakkwato.