Oymyakon Ba Sanyi Kaɗai Ba Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina cikin masu sauraronku na yau da kullum, kuma na ji rahoton da kuka kawo kan Oymyakon, ƙauyen nan na Rasha da ake yi wa kirari da "mafi sanyi a duniya". Kun faɗi gaskiya cewa a watan Fabrairun 1933 ma'aunin sanyi ya sauka zuwa digiri 67.7 ƙasa da sifiri. Sai dai duk shekara idan hunturu ya shigo, labarin nan ɗaya kafafen yaɗa labarai ke maimaitawa, kamar babu mutane a wurin sai ƙanƙara.

Da farko, ƙauyen Oymyakon ba shi ne hedikwatar gundumar da yake ciki ba, duk da cewa sunansa ta ɗauka. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne. Hedikwatar tana Ust-Nera, garin masu haƙar zinare a bakin kogin Indigirka. Gundumar tana cikin Jamhuriyar Sakha, wadda ake kira Yakutiya, kuma a can "ulus" suke ce wa gunduma. Faɗin gundumar ya kai murabba'in kilomita 92,000, wato ta fi jihar Neja girma, alhali Neja ce mafi faɗi a Najeriya. Sanyin ma yana da dalili: ƙauyen na cikin kwari ne da duwatsu suka kewaye, iska mai sanyi ta sauko ta kwanta ba ta da mafita. Da rani kuwa zafi kan haura digiri 30.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yawan jama'ar gundumar. A ƙidayar 1989 sun haura 30,000. A 2010 sun dawo 10,000 da 'yan kai, kuma ƙidayar 2021 ta nuna sun ƙara raguwa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ma'aikatan da albashi mai tsoka ya kawo arewa suka tattara nasu-ya-nasu, har wasu garuruwan ma'adinai suka zama kufai. Waɗanda suka fi zama daram su ne 'yan ƙasa: Yakut masu kiwon dawaki da shanu, da ƙabilar Even masu kiwon barewar arewa. Babbar hanyar da ta ratsa yankin, hanyar Kolyma, fursunonin zamanin Stalin ne suka gina ta, kuma saboda yawan waɗanda suka mutu ake ce mata "hanyar ƙasusuwa".

To, yaya ake mulkin wuri irin wannan? A tsarin da dokar Rasha ta 2003 ta shimfiɗa, hawa biyu ne: akwai shugaban gunduma da majalisarsa, sannan garuruwa, da ƙauyukan da suke kira "nasleg", na da nasu shugabanni. A 2025 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta ba yankunan Rasha damar soke hawan ƙasa, komai ya koma hannun gunduma. Ni dai a ganina, makiyayin da ke da tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya isa Ust-Nera, idan aka raba shi da ofishin ƙauyensu an raba shi da gwamnati ne. Wa zai kai wa kuka idan injin dumama makaranta ya tsaya a watan Janairu?

Ina roƙonku, hunturu mai zuwa ku nemo mana muryar mutanen wurin, mu ji daga bakinsu.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya