Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Dabbobi: ba mai allura kaɗai ta kashe karena ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardar ban haƙurin da ofishinka ya aiko mini ta iso. A ciki an ce an samu kuskure, an dakatar da ma'aikaciyar da ta yi allurar, kuma da haka magana ta ƙare. A wurina ba ta ƙare ba, shi ya sa na zaɓi in amsa maka a bainar jama'a.

Karena ya ɓace ranar Alhamis da dare, da iska ta buge ƙyauren gida. Ranar Asabar na ga hotonsa cikin dabbobin da aka tsinta aka kai ɗaya daga cikin gidajen da ke ƙarƙashinka. Na buga waya, na faɗi tabon da ke kunnensa na hagu, aka ce shi ne, amma mai karɓar kuɗin tara ba ya nan sai Litinin. Aka ce in kwantar da hankalina, za a liƙa takarda a kejinsa cewa mai shi na zuwa. Litinin da hantsi na je da igiyarsa a hannu, na tarar an yi masa allurar mutuwa tun da safe. Ashe na kejin gefe aka nufa, baƙi kamar nawa, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa.

Laifi tudu ne, don haka bari in fara taka nawa. Ban sa an dasa masa ƙwayar shaida ba, wato 'yar na'urar nan da likitan dabbobi ke sakawa ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba ta musamman da ake karantawa da na'urar hannu. A Ingila doka ta wajabta ta ga karnuka tun 2016, ta ƙara da kyanwoyi a 2024. Na sani, na yi ta cewa gobe. Sai dai amfanin ƙwayar shi ne a gano mai dabba, ni kuwa an riga an gano ni. Sunana da lambar wayata suna cikin littafinku kwana biyu kafin a kashe shi.

Na ga ma'aikaciyar da kuka dakatar. Ita ta fito ta gaya mini, hannunta na rawa, lokacin da manyanta suka shige ofis suka rufo ƙofa. Ba zan ce ba ta da laifi ba, ita ta buɗe keji ba ta duba ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wa ya tsara cewa mutum ɗaya zai ɗauko jerin sunaye, ya ɗauko dabba, ya yi allura, ba tare da ido na biyu ba? Wa ya yarda ran dabba ya rataya a kan takardar da aka liƙa a keji, wadda ruwan wanki zai iya ɓamɓarewa? Wa ya ce in mai karɓar tara ya tafi hutu, sai dabbar da aka san mai ita ta kwana biyu a layi ɗaya da waɗanda za a kashe? Ba ita ba ce. Maganin da aka fi amfani da shi a wannan aiki, fentobabital, yana tsayar da numfashi da zuciya cikin 'yan mintuna, kuma in ya shiga jijiya bakin alƙalami ya bushe. A tiyatar mutane, tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ke sa likitoci su dakata kafin yanka, su tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yi aikin. Ba don likitoci wawaye ne ba, don an san ƙwararre ma in ya gaji yana rikicewa.

Kada ka ɗauka mu ne farko. A 2010, a jihar Arizona ta Amurka, an kashe wata karya mai suna Target bisa kuskure a gidan dabbobi na gunduma. Ita ce ɗaya daga cikin karnukan da suka tare ɗan ƙunar baƙin wake a sansanin sojoji a Afganistan, har wani soja ya taho da ita gida. Ta tsira daga bam, ba ta tsira daga rikicewar keji ba. Can ma sallamar ma'aikaci aka yi. A Texas kuma, wani kare mai suna Avery yana da alamar a jira mai shi, domin iyalin ba su da kuɗin tara a hannu ranar da suka je, amma aka sa shi cikin jerin kisa. Suka kai ƙara, magana ta je har kotun ƙolin jihar, wadda a 2013 ta yanke cewa kare dukiya ne a idon doka, ba a biyan diyyar shaƙuwa da ɓacin rai a kansa.

Wannan hukuncin ne ya sa na rubuto maka maimakon in nemi lauya. In abin da kotu za ta duba shi ne kuɗin kare a kasuwa, to tsohon kare irin nawa, mai furfura a baki, kusan ba shi da daraja a takarda. Gidan da ya san kuskurensa ba zai ci masa komai ba, babu abin da zai tilasta masa gyara sai wanda ke sama da shi. Kai ke nan, ranka ya daɗe.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kafin kowace allura, mutum biyu su duba dabbar da hotonta da lambarta, su sa hannu, a kuma sake bin jikinta da na'urar karanta ƙwaya a ɗakin da za a yi allurar, ba ranar da aka kawo ta kaɗai ba. Dabbar da mai ita ya bayyana a raba ta da sauran nan take, kuma a ba shi abinsa ko da tarar za ta biyo baya. Na san gidajen nan suna fama da cunkoso da ƙarancin ma'aikata, ban raina wahalarsu ba, amma wanda ke sa hannu a kasafin kuɗi shi ya kamata ya amsa wannan, ba mai wanke keji ba.

Sai kuma ma'aikaciyar. In binciken ya nuna ta bi tsarin da ta tarar, ku mayar da ita bakin aikinta, ni da aka yi wa ɓarnar na roƙa. Korarta za ta sa a bar kaza cikin gashinta, wanda zai gaje ta kuma ya tarar da keji iri ɗaya da takarda iri ɗaya.

Ina jiran kwafin rahoton binciken, da sunan ofishin da ya tsara aikin ranar Litinin ɗin. Abin wuyan karena ma yana wurinku har yanzu, ja ne mai ƙaramar ƙararrawa. Na tambaya sau biyu an ce ana nema.

Naka,
Mai karen da aka ce ya dawo Litinin