Ba a Cewa Mai Ciwon Mitokondiriya Ya Daure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ina jira zuciyata ta huce kafin in rubuto muku, ta ƙi hucewa, shi ya sa na ɗauki alƙalami a haka. Amsar da baƙonku ya ba matar nan da ta bugo waya a ƙarshen shirin lafiya na rediyonku na makon nan ita ce ta hana ni sukuni. Kun ji ta da kunnenku. Murya na rawa ta ce 'yarta mai ciwon mitokondiriya, ciwon da ke hana ƙwayoyin jiki samar da isasshen ƙarfi, ba ta barci saboda ɗaurewar tsoka, ta tambaya yaya za ta yi. Ya ce mata wannan ai ƙaramin abu ne, a ba yarinyar maganin ciwo, ta daure ta ci gaba da motsa jiki, wai zama wuri ɗaya ne ke jawo shi. Mai gabatarwa ya ce madalla, aka saka talla.

Ta daure! Tsoka ta ɗaure, a ce wa yarinya ta daure. Malam Edita, wannan kalmar ce ta kusa kashe wa ɗana ƙoda yana ɗan shekara 12.

A lokacin ba mu san sunan abin da ke damunsa ba. Abin da muka sani shi ne yaro ne da ba ya iya biyo tsaransa da gudu, in ya hau bene sai ya tsaya yana haki, da dare kuma ya farka yana kuka yana riƙe da sha-raɓarsa. Kowa ya sa masa suna. Wasu su ce rago ne, wasu su ce ni na shagwaɓa shi. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na sha ce masa ya tashi ya daina son jiki. Ran nan a makaranta aka sa su zagaya fili, ya ce ƙafarsa ta riƙe, malamin wasanni ya ce namiji ba ya raki, ya daure. Ya daure kuwa, har ya gama zagayen. Da yamma ya yi amai sau biyu, cinyoyinsa suka yi tauri kamar itace, ko taɓawa ba ya bari a yi. Da asuba ya kira ni banɗaki ya nuna mini fitsarinsa. Ban taɓa ganin irinsa ba, ja ne mai duhu kamar ruwan tsatsa. Kwana biyar muka yi a asibiti ana ƙara masa ruwa ba dare ba rana, ana auna fitsarin da ya yi a cikin roba. Likita ta ce tsokarsa ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya malalo cikin jini, ƙoda kuma tana fama da tace shi. Gwajin jinin da suke kira CK, mai nuna lalacewar tsoka, ya ninka na lafiyayyen mutum ninkin-ba-ninkin. Ta ce da mun ƙara kwana ɗaya a gida, da wata maganar ake yi.

Wannan shi ne ƙaramin abin da baƙonku yake nufi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a farkon shirin ya yi bayani daidai. Shi da bakinsa ya ce mitokondiriya su ne 'yan ƙananan injinan da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, masu juya abinci da iskar da muke shaƙa su zama ƙarfi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin jiki daga gare su yake fitowa. Ya ce kusan mutum 1 cikin 5,000 na ɗauke da wani nau'i na wannan ciwo. Har ya ambaci likitan nan na Suwidin, Rolf Luft, da ya fara bayyana mai irin ciwon a 1962. Na ji daɗi, na kira ɗana na ce zo ka ji, yau ana maganarka a rediyo. To wanda ya san duk wannan, yaya zai manta cewa tsoka tana cikin sassan jiki da suka fi kowane shan ƙarfi? In injinan ba sa ba da abin da ake bukata, tsoka sai ta koma wata hanyar gaggawa ta samar da ƙarfi, sinadarin laktik ya taru, sai zugi da nauyin jiki da tashin zuciya su biyo baya. Kuma ko sakin da tsoka take yi bayan ta ɗame, shi ma ƙarfi yake ci. In ƙarfin ya ƙare, sai ta ƙulle ta ƙi sakewa. Ciwon nan jiki ne yake faɗa wa mai shi cewa mai ya ƙare. Wanda ya ce a ci gaba da taka mota a haka bai taimaki kowa ba.

Kada a ce na ce motsa jiki ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai, kuma kwanciya kullum tana ƙara raunana tsoka, wannan na gani da idona a watannin da tsoro ya sa na hana shi ko fita ƙofa. Amma akwai yadda ake yinsa. Mai gashin ƙashi da gyaran gaɓɓai da ke duba shi ta fara da shi da minti biyar a kan keken da ba ya tafiya, aka yi makonni kafin a ƙara masa minti biyu. Dokarta ita ce, muddin yana iya hira yana tuƙawa, ya ci gaba. Da zarar magana ta fara yanke masa, ko ya ji jiri, ko tsoka ta fara zafi, ya sauka. Ba ya yi da yunwa, ba ya yi in yana da zazzaɓi ko mura, ba ya yi cikin tsananin zafi ko tsananin sanyi, kuma ranar da ya yi, washegari hutu ne. Yau yana yin minti ashirin. Da an bi shawarar da kuka watsa, da ba mu kai nan ba. Wannan bayanin bai fi minti ɗaya a faɗe shi ba, kuma tallar da kuka saka ta fi minti uku.

Sai maganar "a ba ta maganin ciwo". Wane? Bai tambayi shekarun yarinyar ba, bai tambayi irin ciwon ba, bai tambayi magungunan da take sha ba. Ciwon da ɗana yake ji ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙullewar da ke tashinsa cikin dare, akwai tsamin jiki da ke biyo bayan wahala, akwai kuma wani da ya zo daga baya, tafin ƙafarsa ya riƙa zafi kamar ya taka garwashi, yatsu suna tsira masa kamar da allura. Wannan na ƙarshen na jijiya ne, farasitamol bai taɓa yi masa komai ba, sai da likitan jijiyoyi ya sa shi a kan gabafentin, aka fara da kaɗan ana lura da shi saboda yana sa barci da jiri. Irin su ibufurofen kuwa, an gargaɗe mu da kakkausar murya kada mu kusance su a ranar da jikinsa ya bushe ko fitsari ya sauya launi, domin ƙodar da ke cikin wahala za su ƙara wa nauyi. Yanzu ku duba, in 'yar matar nan tana cikin irin halin da ɗana ya shiga, aka ɗura mata wannan maganin aka ce ta je ta motsa jiki, wa zai ɗauki alhaki?

Mu masu wannan ciwo a gida, magani ba abin wasa ba ne a wurinmu. Akwai takarda a jakata, akwai irinta a aljihunsa, da sunayen magungunan da dole likita ya yi tunani sau biyu kafin ya rubuta. Maganin farfaɗiya balfuro'et, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, yana iya lalata hantar masu wani nau'i na ciwon. Allurar kashe ƙwayoyin cuta jentamaisin da danginta suna iya kurumtar da wasu. Magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin su kansu suna jawo ciwon tsoka, balle ga wanda tsokarsa take da rauni tun asali. Ni da kaina an sauya mini metfomin da nake sha don ciwon suga, saboda yana iya ƙara tara laktik a jini. Akwai kuma kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata 'yar'uwata mai ƙaunarmu ta taɓa kawo mana shi, ta ce an ce yana sakin jijiya. Allah ya sa na tambaya kafin in ba shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tun 2010 ta yi gargaɗi kada a sha shi don ƙullewar ƙafa, saboda yana iya rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, ya kuma rikita bugun zuciya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ambata a shirinku ba.

Na ce "mu" ne domin daga wurina ya gada. Sai da aka gano nasa sannan aka auna ni, aka ga sauyin ƙwayar gado iri ɗaya, wanda suke rubutawa m.3243A>G. Ƙwayoyin gadon da ke cikin mitokondiriya, su 37, ta wajen uwa kaɗai suke bi. Ni nawa ya tsaya a suga da raunin ji, shi kuwa ya sami kaso mafi yawa na injinan da suka lalace. Ba na jin akwai uwar da za a faɗa wa haka ta yi barci a daren. Don haka da na ji muryar matar nan, na san inda take tsaye. Ba neman a lallashe ta take yi ba, so take a ba ta abin da za ta yi da hannunta ƙarfe uku na dare.

Ga abin da nake yi, ko Allah zai sa ta karanta. In na ji ihunsa, ba na kunna babbar fitila. Ina zama a bakin gado, in miƙar da ƙafar, in sa tafin hannuna a ƙarƙashin yatsunsa in tura su sama wajen ƙwaurinsa a hankali, ba da fizga ba. Tsokar tana nan a dunƙule kamar dutse a ƙarƙashin fata, kana ganinta tana motsi. Muna ƙirgawa tare har talatin, mu saki, mu sake. In ta saki sai in ɗora tawul mai ɗumi, in ba shi ruwa ya kurɓa. Da safe, kafin komai, ya duba launin fitsarinsa ya faɗa mini. In ya yi duhu, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya kasa ɗaga ƙafa, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da rikicewar gani ko magana, ba ma jira, asibiti muke nufa da takardarmu. Ina da littafi da nake rubuta kowane dare irin wannan da abin da ya faru da rana kafinsa. Shi ya nuna mana cewa yawanci abu uku ne ke gaba: ya daɗe bai ci abinci ba, ko bai sha ruwa sosai ba, ko ya ƙure kansa don kada abokai su yi masa dariya. Tun da muka fara ba shi ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta, da miƙe ƙafafu na 'yan mintuna, daren kuka ya ragu. Bai ƙare ba, amma ya ragu. Yana shan ko'enzayim Q10, sinadarin da injinan nan ke amfani da shi wajen samar da ƙarfi, kuma likitansa bai ɓoye mana ba cewa bincike bai tabbatar da yana yi wa kowa aiki ba. An kuma auna masa gishirin jini, su maganiziyam da fotasiyam da kalsiyam, kafin a ce ya ƙara wani abu. Irin wannan gaskiyar nake so daga bakin likita.

Tun da na riga na fara, bari in ƙara da wannan. Don Allah ku daina saka kiɗa a ƙarƙashin muryar masu magana. Da na'urar ji nake sauraronku, kuma in kiɗan nan ya taso, rabin maganar ɓace mini take yi, sai na sa ɗana ya maimaita mini. Na rubuto a kan haka bara, ba a ko amsa ba. Shirin lafiya ne, marasa lafiya da tsofaffi ne suka fi sauraronsa, me kiɗa yake yi a ciki?

Shi ya sa ma maganar ta fi yi mini ciwo, domin shi ne ya maimaita mini ita da bakinsa. Ban ji daidai ba, na ce me likitan ya ce? Ya ce, "Ya ce ta daure, Mama." Ya yi shiru. Can da dare ina gyara masa shimfiɗa ya ce, "Mama, ko dai da gaske ni ne ba na ƙoƙari?" Yau shekararsa 17. Shekara biyar na yi ina cire masa wannan tunanin daga zuciya, ina koya masa cewa tsayawa in jiki ya ce a tsaya ba ragwanci ba ne. Baƙonku ya mayar da shi cikin daƙiƙa ashirin.

Ina roƙonku ku nemi lambar matar nan a cikin waɗanda suka bugo, ku kira ta, ku ce ta kai 'yarta wurin likitan jijiyoyi, ta kuma riƙa duba fitsarinta. Sannan ku dawo da maganar a shiri na gaba, ku gayyato wanda yake duba masu wannan ciwo da mai gyaran gaɓɓai, ku ba su lokaci isasshe. Gyaran kuma a faɗe shi a fili, a farkon shiri, ba a ƙarshe ana gaggawar talla ba. Na ce wa ɗana za ku gyara, kuma ranar zai zauna kusa da ni yana saurare.

Wassalam,
Mai sauraronku, uwar yaro mai ciwon mitokondiriya