Auta ya sayi fom

Agege, Legas.

Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma zafin Jidda bai ƙarasa ƙona ɗan sauran gashin kanka ba. Na san za ka ce sai yau na tuna da kai. Kai ma tun hoton nan da ka turo kana sanye da jallabiya kamar wani shehin Larabawa ba ka sake cewa uffan ba, don haka mun yi kunnen doki.

Gyara zama ka sha labari. Auta ya sayi fom. Eh, Auta namu, na gidan Kawu. Majalisar jiha yake nema. Ya shigo Legas neman gudummawa wurin 'yan tumatir na Mile 12 da fataken shanu na Oko-Oba, a ɗakina ma ya kwana. Ya ajiye tumbi, waya biyu a hannu, wannan ta yi ƙara ya ajiye waccan. Ya bar min fosta, ƙarƙashin hotonsa an rubuta "Ɗan talaka mai jin ƙan talaka". Tun da ya tafi abin yake cina a rai.

Ba sai na tuna maka yadda ya tashi ba. Mahaifinsa ya rasu yana goye. Shi ne rijiya tun asuba, shi ne ciyawar akuya, in an tuƙa tuwo sai 'ya'yan gida sun ƙoshi a tura masa ƙanzo. Silifas ɗinsa da ya ɗaure da waya har yau ina ganinsa a idona. Kai ka sha cewa wanda ya ɗanɗani yunwa ba zai cuci mai yunwa ba, ni ma da haka na ɗauka. Amma daren nan mun raba dare muna hira, wallahi ban ji ya ambaci rijiya ko makaranta ko asibitin garinmu ba. Lissafi ya yi min. Wane ya kore shi daga ƙofar gida ranar suna, wane ya kira shi agola alhali ba agola ba ne, malam wane ya mare shi kan kuɗin laraba. Ya ce in Allah ya ba shi kujerar nan, matar Kawu da ƙafarta za ta zo ta durƙusa a falonsa. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai yanzu!

Na kai maganar majalisarmu ta wurin mai shayi, ban kama suna ba. Nan fa aka kaure. Wani dattijo da ya zo Legas tun zamanin Tafawa Ɓalewa ya ce mulki sai ɗan asali, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kawo Sardauna: jinin Shehu Ɗanfodiyo, ɗan hakimin Rabah, ya buɗe ido ya ga ana faɗuwa ana gaishe da mahaifinsa, don haka girma bai zame masa baƙo ba. Da jam'iyyarsa ta yi rinjaye ma bai yarda ya baro Kaduna ya zo Legas ba. Na ce masa, Baba, to wanda ya zo ɗin fa? Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarauta ba ne, malamin makaranta ne a Bauchi, ga shi yau fili mafi girma a tsibirin Legas sunansa ne a kai, kuma ba wanda ya taɓa nuna wata dukiya ya ce ya tara. Sai tsohon ya ce ai Kwalejin Katsina ce ta gyara su duka biyun. Ka ga ya sauka daga kan asali ya koma tarbiyya bai sani ba. Ban faɗa masa ba, kada ya ƙwace min shayina.

Wanda ya fi tsaya min a rai Awolowo ne, don kusan labarinsa ɗaya da na Auta. An haife shi a Ikenne a 1909, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, ya yi ta 'yan aikace-aikace yana fita makaranta yana komawa saboda rashin kuɗi. Da ya zama Firimiyan Yamma, a 1955 ya mayar da firamare kyauta. Mai gidan da nake haya, tsohon Bayarabe, a nan Agege ya ci gajiyar abin, don lokacin ƙarƙashin Jihar Yamma take. In ka kira sunan Awo a gabansa sai ya cire hula. Maraici iri ɗaya, Dogo. Wani ya fito yana cewa kada wani yaro ya sake shan abin da na sha, namu kuma ya fito da jerin sunayen waɗanda za su biya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai titin Musa 'Yar'aduwa a Victoria Island. Mutumin nan Matawallen Katsina ne, ministan harkokin Legas a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Ɗansa Umaru bai san ƙanzo ba, amma a jamhuriya ta biyu PRP ta Malam Aminu ya bi, uban yana NPN, kuma da ya hau mulki a 2007 ya bayyana kadarorinsa a fili. Shi kansa Malam Aminu ai ba ɗan talaka tilis ba ne, gidan malamai da alƙalai ya fito, mahaifinsa a kotun alƙali ya yi aiki a Kano. Ni a ganina abin da yaro ya gani ana yi wa na ƙasa a gidansu, da wanda ya zauna ya yi masa bayani, ya fi tuwon da ya ci ko bai ci ba tasiri. Auta bai samu mai yi masa bayani ba. Mu da muke raba masa gyaɗa a lokacin yara ne.

Af, jirgin ƙasan nan sabo yana tsayawa a Agege yanzu, zuwa Oyingbo ba wahala. Yaranmu 'yan acaɓa dai suna shan kamu tun da aka hana su manyan tituna, ƙanin matata ma an ƙwace nasa, ya koma tura baro a kasuwa. Kuma wai da gaske ne kana neman ƙarin aure? Kai da ko kuɗin katin waya sai an roƙe ka!

'Yan tumatir sun haɗa wa Auta abin da suka haɗa, ni ban ba shi ko sisi ba tukuna, na ce sai wata ya yi. Kai yake jin nauyi, tun ranar da ka tsamo shi daga kududdufin bayan makaranta. Ka kira shi, kada ka ce ni na turo ka. Ka ja shi da hira har ya kai kan matar Kawu da bakinsa, ka ji da kunnenka, don wataƙila gajiyar hanya ce ta sa shi sakin baki a wurina.

Maman yara tana gaishe ka, ta ce turaren da ka yi mata alkawari tun haihuwar Ummi har yanzu yana hanya, ga Ummi ta shiga aji biyu.

Naka,
Malam na Agege