Baba Fasto, ta yaya zan koma bauta wa Allah da zuciyar yaro?

Zuwa ga Baba Fasto, mai ba da shawara a shirin zaman Kirista na rediyo.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni mace ce mai shekara 46, haifaffiyar wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, amma aure ya kawo ni birnin Katsina, inda nake sayar da atamfa da leshi a kasuwa. Ina roƙonka ka sakaya sunana idan za ka karanta wannan wasiƙa.

Shekarata 18 a Zumuntar Mata, ina koyarwa a Makarantar Lahadi, kuma sau da yawa ni ake kira in buɗe taro da addu'a. Zakkata ba ta tsallake wata. Duk wanda ya dube ni daga waje zai ce ga baiwar Allah, ni ma haka na ɗauki kaina, har sai da autata mai shekara bakwai ta yi mini magana sau biyu cikin mako guda.

Na farko, muna hanyar gida bayan sujada ta ce: "Mama, me ya sa in kina addu'a a coci muryarki takan canza, kina daɗewa har da kuka, amma a gida da dare sai ki yi sauri ki ce amin?" Na ce mata ta yi shiru, amma maganar ta zauna mini a ƙirji, domin na san cewa tun ranar Asabar nakan fara tsara kalmomin da zan faɗa, ina tunanin wace ce cikin mata za ta yaba.

Na biyun ya fi nauyi. Wata Hajiya, maƙwabciyarmu wadda muke zaman mutunci da ita shekara da shekaru, ta zo sayen atamfa turmi uku. Da ta taya, sai na ce mata ko kuɗin da na saro kayan ba ta kai ba, alhali kuwa akwai riba a cikin tayinta. Yarinyar nan, da yake na tafi da ita Kantin Kwari a Kano ranar da na yi sarin, sai ta ɗaga kai ta ce: "A'a Mama, ai ba haka kika saya ba." Hajiya ta yi dariya, ta biya abin da na faɗa, ta tafi. Da muka isa gida na yi wa yarinyar faɗa mai tsanani har ta kwana da kuka, ni kuma na kwana ido biyu, domin a ranar Lahadin da ta wuce ni ce na tsaya gaban yara ina koya musu Matiyu 18, inda Yesu ya kira ƙaramin yaro ya tsayar da shi a tsakiyar almajiransa, ya ce in ba su juyo sun zama kamar ƙananan yara ba, ba za su shiga Mulkin Sama ba. Ga wadda ta aikata abin da na koyar, ni kuwa na hukunta ta a kansa.

Baba, abin da ya ƙara sosa mini rai shi ne tunawa da kakana. Yana cikin waɗanda suka ji bishara ta bakin 'yan mishan na SIM, tun kafin a kafa cocin ECWA a 1954, kuma da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa, na 1932, ya koyi karatu. Bai san tsara magana ba. Idan zai fita gona sai ya tsaya a bakin zaure ya gaya wa Allah cewa dawa tana bukatar ruwa, jikarsa tana zazzaɓi, shi kuma ya yi fushi da ƙanensa jiya, a gafarta masa. Yadda yake magana a gona, haka yake yi a majami'a. A lokacin muna yara mukan yi masa dariya a ɓoye, yau kuwa da za a ba ni irin wannan addu'a tasa, da na ba da duk iya maganar da nake taƙama da ita.

Na sake karanta Matiyu 6, inda aka ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, mai sadaka kuma kada hannunsa na hagu ya san abin da na dama yake yi. Na gwada. Na rufe ƙofa na durƙusa, sai na tarar ba ni da abin faɗa idan babu mai saurare, kuma wannan ya tsorata ni ƙwarai.

Ga inda na rikice. Littafin da ya ce mu zama kamar yara, shi ne ya ce a Matiyu 10:16 mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi, kuma a 1 Korantiyawa 14:20 Bulus ya ce mu zama jarirai wajen mugunta amma manya wajen tunani. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, har da waɗanda muke sujada tare, sun ce abin da na gaya wa Hajiya ciniki ne kawai, kowa ya san ba a ɗaukar irin wannan magana da gaske, kuma wadda ta buɗe cikinta a kasuwa jarinta zai karye. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba. Ƙin faɗin kuɗin sari haƙƙina ne, amma faɗin abin da ba haka yake ba ƙarya ce, ko da duk kasuwa tana yi. Sai dai ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma ina jin tsoro.

Don haka ina neman shawararka. Shin in je wurin Hajiya in faɗa mata gaskiya in mayar mata da abin da na ɗora, ko kuwa yin haka zai zubar da mutuncin sunan Kirista a unguwarmu fiye da yin shiru? Shin ya dace in roƙi shugabannin Zumunta su ɗauke mini jagorancin addu'a na ɗan lokaci har in koyi yi wa Allah magana ni kaɗai, ko wannan gudun aiki ne? Sannan yarinyar nan, tun daga ranar ta daina yi mini tambaya, in na shigo ɗaki sai ta yi tsit. A al'adarmu uwa ba ta saba neman gafarar ɗiyarta ba, amma ina ganin ni ce mai laifi. Da waɗanne kalmomi zan fara yi mata magana?

Ina sauraron shirinka kowane mako, kuma zan jira amsarka.

Ɗiyarka cikin Ubangiji,
daga birnin Katsina.